Ina Ribar Take Fitowa? Gargaɗi Game da Kasuwancin "Kawo Mutum"

'Yan'uwa manoma, kaka ita ce lokacin da kuɗi yake shiga hannun manomi, ita ce kuma lokacin da baƙi masu daɗin baki suke yawaita a ƙauyukanmu. A dā abin da muka saba yin gargaɗi a kai shi ne 'yan baranda masu sayen hatsi da araha tun yana gona, da masu ba da bashi da ruwa. Yanzu an sami wani sabon baƙo. Yakan zo da jaka cike da kwalabe da fakiti: shayin rage ƙiba, ƙwayoyin ƙarin ƙarfi, sabulu, man goge baki, wani lokaci har da ruwan da ake cewa ya fi takin zamani. Sayar da kayan ba shi ne babban abin da ya kawo shi ba. Abin da yake so shi ne ka biya kuɗin shiga, ka zama wakili, sa'an nan ka kawo waɗansu su ma su biya. Matasa suna ce wa abin "netwok". Mu a nan za mu kira shi kasuwancin kawo mutum, gama sunan ke nan da ya fi bayyana shi.

Membobi da dama sun tambaye mu ko ya kamata su sa kuɗin amfanin gonarsu a ciki. Akwai ma waɗanda suka nemi rance daga asusun ƙungiya domin su shiga. Saboda haka muka ga ya wajaba mu bayyana yadda abin yake tafiya, da abin da ya sami mutanen da suka riga mu shiga. Tambaya ɗaya ce za mu riƙa komawa gare ta: daga aljihun wa ribar take fitowa?

YADDA ABIN YAKE TAFIYA

Ɗan tireda yakan saro kaya, ya sayar, ya ci riba daga wurin mai saye. A kasuwancin kawo mutum kuwa hanyar samu biyu ake nuna maka. Ta fari, ka sayar da kayan kamfani ka sami ɗan abin da ya hau. Ta biyu, wadda aka fi yin wa'azinta, ka kawo mutane a ƙarƙashinka. Duk abin da suka saya, da abin da waɗanda su ma suka kawo suka saya, kana da kamasho a ciki. Wanda ya kawo ka shi ne na samanka, waɗanda ka kawo su ne na ƙasanka. Akan ba da muƙamai masu sunan azurfa da zinariya da lu'ulu'u, a taro kuma a nuna hotunan motoci da gidaje.

Akwai wata ƙa'ida da ba a cika faɗinta da ƙarfi a taron farko ba. A kamfanoni da yawa, sai wakili ya sayi kaya na wani adadi kowane wata kafin ya cancanci kamasho. Ko ya sayar da na watan jiya ko bai sayar ba, dole ya sake saye.

Ga misali domin mu gane. A ce kuɗin shiga da kayan farko Naira 60,000 ne, kowane wata kuma sai ka sayi kayan Naira 15,000. A shekara ka fitar da Naira 240,000 ke nan. A ce ka yi ƙoƙari ka sayar da rabin kayan, watau na Naira 120,000, ka ci ribar kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya dawo hannunka Naira 150,000 ne. Naira 90,000 ba ta dawo ba, ban da kuɗin mota zuwa taro da kuɗin katin waya. Sauran kayan suna ƙarƙashin gado, ranar lalacewarsu tana matsowa. Amma na samanka ya riga ya ci kamashonsa a kan dukan Naira 240,000. A wurin kamfani kai ne mai saye, ko da yake an ce maka kai ɗan kasuwa ne.

Dalilin da ya sa kayan suke da wuyar sayarwa a bayyane yake. Kowane jere na waɗanda suke sama yana da rabonsa a cikin farashin, don haka sau da yawa kayan sun fi irinsu na kasuwa tsada nesa. Matar da take lissafin kuɗin cefane ba za ta bar sabulun kasuwa ta sayi mai tsada kowane mako ba. Za ta saya sau ɗaya saboda kunya, shi ke nan.

LISSAFIN DALA

Dattawanmu sun tuna da dalar gyaɗa ta Kano. Buhu ɗaya ne a can ƙoli, dubbai kuwa suna ƙasa suna ɗauke da nauyi. Haka ginin wannan kasuwanci yake.

A ce an umarci kowane wakili ya kawo mutum shida. Jere na fari mutum 6 ne, na biyu 36, na uku 216. Idan muka haɗa su da wanda ya fara, mutum 259 ke nan. Watau ikkilisiyar da take da manya 260 ta ƙare tun a jere na uku. Mutum 216 na ƙasa, wa za su kawo? Idan aka ci gaba, jere na takwas zai bukaci mutum 1,679,616. Jere na goma sha ɗaya zai bukaci fiye da miliyan 362, ya wuce yawan mutanen Nijeriya duka. Jere na goma sha uku zai bukaci fiye da biliyan 13, alhali mutanen duniya gaba ɗaya sun kai biliyan 8 ne a shekarar 2022.

Ku lura da wannan kuma: ko a wane jere abin ya tsaya, wajen mutum biyar cikin kowane shida suna jeren ƙarshe, ba su da kowa a ƙasansu. Ba lalaci ne ya sa su can ba, lissafin ne ya ajiye su. Duk da haka, sa'ad da wakili ya kāsa, akan gaya masa ƙoƙarinsa ne bai isa ba.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

A ƙasar Amurka wannan irin ciniki ya yi ƙarfi tun da daɗewa, daga can kuma ya bazu. An kafa kamfanin Amway a jihar Mishigan a 1959. Hukumar gwamnatin Amurka mai kula da ciniki, wadda ake kira FTC, ta tuhume shi, amma a 1979 aka yanke cewa ba dalar zamba ba ne. Abin da ya cece shi shi ne waɗansu ƙa'idodi uku da ya ce yana bi: wakili ya sayar wa mutum goma dabam dabam kowane wata, ya sayar da kashi 70 cikin 100 na kayan da ya karɓa, kamfani kuma ya karɓi kayan da suka ƙi sayuwa ya mayar da kuɗi. Bayan wannan hukunci kamfanoni masu irin wannan tsari suka yawaita. Ku riƙe ƙa'idodin nan uku, za mu komo kansu.

Shari'ar da ta fi shahara a zamanin nan ita ce ta Herbalife, kamfanin da aka kafa a 1980, mai sayar da garin sha na rage ƙiba da makamantansa. A watan Yuli 2016 kamfanin ya yi sulhu da FTC. Hukumar ta ce mafi yawan wakilansa ba su sami kome ba, ko kuwa abin da suka samu kaɗan ne ƙwarai, kuma tsarin biyan ya fi sāka wa mai kawo mutane a kan mai sayar da kaya. Kamfanin bai amsa laifi ba, ba a kuma rufe shi ba. Amma ya yarda ya biya dala miliyan 200, ya kuma sāke tsarinsa a Amurka domin lada ya dogara ga cinikin gaske da aka yi da masu saye. A watan Janairu 2017 aka aika wa mutum kusan 350,000 da kuɗin diyya. Idan muka raba, kowa bai kai dala 600 ba. A 2019 wani kamfani mai suna AdvoCare shi ma ya yarda ya biya dala miliyan 150, aka kuma hana shi wannan irin tsari.

WAƊANDA SUKA BUƊE BAKI

Shekaru da yawa waɗanda suka yi hasara sun yi shiru saboda kunya, kowa yana tsammani shi kaɗai ne ya kāsa. Abin ya sāke sa'ad da tsofaffin wakilai, yawancinsu mata, suka fara ba da labarinsu a fili ta intanet. Suka nuna takardun abin da suka kashe da abin da suka samu, suka nuna ɗakuna cike da kayan da ba su sayu ba. Da mutum ya ga labarin wani daidai da nasa, sai ya gane ashe ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A 2016 aka yi fim mai suna Betting on Zero a kan rigimar Herbalife, a 2018 kuma aka fara wani shiri na saurare mai suna The Dream wanda ya bi diddigin wannan ciniki.

Masu bincike su ma sun sa hannu. A 2018 gidauniyar AARP ta Amurka ta tambayi mutanen da suka taɓa shiga. Kusan rabinsu sun ce sun yi hasara, wajen kashi ɗaya cikin huɗu sun ce ba riba ba faɗuwa, kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai suka ce sun ci riba. A 2024 ma'aikatan FTC suka duba takardun da kamfanoni 70 suka fitar da kansu game da samun wakilansu. Sun tarar yawancin wakilai ba su wuce dala 1,000 a shekara ba, sau da yawa kuma ba a cire abin da suka kashe ba.

Gaskiya ne kamfanonin suna cewa mutane da yawa sun shiga ne domin su sayi kaya da rangwame kawai. Gaskiya ne kuma ba kowane kamfani ne doka ta kama da laifi ba. Amma idan a ƙasar masu kuɗi abin da yawancin wakilai suke samu ke nan, me manomi zai samu a ƙauyen da kowa yake jiran kaka kafin ya sayi gishiri da yawa?

ƊAN'UWANSA WANDA BA SHI DA KAYA

Akwai wani iri wanda ba ya ma wahalar da kansa da sabulu ko shayi. Kuɗi kawai za ka zuba, a yi maka alkawarin riba. Da yawa cikinmu mun tuna da MMM. Wani mutumin Rasha, Sergei Mavrodi, shi ya ƙirƙiro shi. Ya rushe a Rasha a 1994, daga baya aka ɗaure mai shi saboda zamba. Duk da haka ya shigo Nijeriya wajen ƙarshen 2015, yana alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata ɗaya, da ƙarin lada ga wanda ya kawo wani. An kira shi taimakon juna. Babban Bankin Nijeriya da hukumar SEC mai kula da zuba jari sun yi gargaɗi, mutane suka ce hassada ce. Ran 13 ga Disamba 2016, ana shirin Kirsimeti, aka rufe asusun mutane. Hukumar NDIC ta ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun yi hasarar kimanin Naira biliyan 18. Mavrodi ya mutu a watan Maris 2018.

Da an yi lissafi da an gane tun da wuri. Naira 10,000 da take ƙaruwa da kashi 30 kowane wata za ta zama wajen Naira 233,000 a shekara ɗaya. Wace gona ce, wane kiwo ne, yake ninka jari sau 23 a shekara? Waɗanda aka biya da fari, da kuɗin waɗanda suka shigo daga baya aka biya su. Ba a daddara ba, gama a watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, shi ma ya rushe da kuɗin jama'a. A watan Maris 2025 ne aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10, ko tara mai nauyi, ko duka biyu, ga masu shirya irin wannan zamba.

MMM da kasuwancin kawo mutum ba ɗaya ba ne a gaban doka, tun da shi na biyun yana da kayan sayarwa. Amma idan kayan ba sa fita zuwa hannun mutanen waje, to, kwalbar ta zama mayafi kawai. Kuɗin sabon shiga ne yake hawa sama a duka biyun.

BA ADASHI BA NE, BA KUWA GAMA KAI BA NE

Masu tallar abin sukan ce ai kamar adashi ne, ko kamar ƙungiyarmu ta gama kai. Bari mu gwada. A adashi mutum goma sun san juna, kowa ya zuba daidai, kowa ya kwashe daidai abin da ya zuba. Ba a bukatar mutum na goma sha ɗaya kafin a biya na goma.

A ƙungiyar gama kai kuwa muna iya nuna ribarmu da yatsa. Mun haɗa kuɗi mun sayi taki a sari, mun sami ragi. Mun ajiye masara a sito lokacin kaka, mun sayar da bazara sa'ad da ta yi daraja. Injin niƙa ya yi aiki, masu niƙa sun biya. Littafin ma'aji a buɗe yake, kowane memba yana da ƙuri'a ɗaya, wanda ya shiga bana kuma ba ya ciyar da wanda ya shiga bara. Ko ba a sami sabon memba ba har shekara biyar, ƙungiya za ta ci gaba da aikinta. Ku tambayi mai tallar netwok abin da zai faru da samunsa idan aka yi wata shida ba wanda ya shiga.

ABIN DA YA FI KUƊI

Wannan ciniki ba ya tafiya sai ta hanyar amana. Shi ya sa yake bin dangi, da zumuntar mata, da ƙungiyar matasa, da 'yan mawaƙa. Yawanci wanda ya zo maka ba ɓarawo ba ne. Ƙanwarka ce, ko ɗan ajinku, wanda shi ma ya gaskata abin da aka gaya masa, yana kuma neman ya fanshe kuɗinsa. Ranar da abin ya tsaya, manyan suna birni ko ƙasar waje, ku kuwa kuna zama a benci ɗaya ran Lahadi ba mai gaida wani. Ƙungiyar da membobinta suka daina yarda da juna ba za ta iya sayen ko buhun taki ɗaya tare ba.

Akwai hatsari ga lafiya kuma. Kada mai hawan jini ko ciwon sukari ya bar maganin asibiti saboda wani shayi. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da dukan cututtukan da mai talla ya lissafa. Game da ruwan da ake cewa taki ne, kada ku zuba gonarku duka a kan maganar baki. Ku ware kunya goma ku sa shi, kunya goma na kusa ku sa takin da kuka saba, iri ɗaya, ran shuka ɗaya. Da kaka ku auna da mudu a gaban membobi.

TAMBAYOYI KAFIN KA SA HANNU

1. Idan ban kawo kowa ba, nawa zan samu daga sayar da kaya kaɗai?
2. Su wane ne mutum goma, waɗanda ba wakilai ba, da za su sayi kayan nan kowane wata a wannan farashi?
3. Dole ne in sake sayen kaya ko da na dā ba su ƙare ba?
4. Idan kayan suka ƙi sayuwa, kamfani zai karɓa ya mayar mini da kuɗina? Ina aka rubuta haka?
5. Wanda ya kawo ni zai yarda ya nuna mini abin da ya kashe da abin da ya samu cikin wata goma sha biyu, a rubuce?
6. Idan alkawarin riba ne a kan kuɗi, suna da rajista da hukumar SEC? Takardar hukumar CAC tana nuna an yi rajistar sunan kamfani ne kawai, ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce.

Idan aka ce maka sai yau, gobe dama ta wuce, ko aka ce kada ka gaya wa matarka ko mijinki tukuna, to, tashi ka tafi. Cinikin kirki yana iya jiran mako guda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta rubuta a littafin taronta cewa ba za a ba da rance daga asusu domin shiga irin wannan ciniki ba, ba kuwa za a sa kuɗin ƙungiya a ciki ba, kome alkawarin da aka yi. Kada a fitar da kuɗi sai da hannun shugaba da ma'aji da magatakarda. Kada a ba mai talla lokaci a taron ƙungiya, gama idan mutane suka ji abu daga gaban taro sukan ɗauka shugabanni sun amince da shi. Shugabanni da kansu su yi hankali, domin su ne ake fara nema saboda mutanen da suke bayansu.

Wanda ya riga ya shiga, kada a yi masa dariya. Dariya ce take sa mutane su ɓoye hasararsu har wani ya faɗa ramin. A taimake shi ya zauna da takarda da fensir ya haɗa lissafinsa. Idan ya ga faɗuwa ce, ya daina sayen kayan wata wata, ya nemi a karɓi sauran, ya kuma je da kansa ya gaya wa waɗanda ya kawo. Kada ya ci bashi domin ya kai wani muƙami. Idan kuɗi aka karɓa aka gudu, a ajiye rasit da saƙonnin waya a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. In ya yarda, a ba shi dama ya ba da labarinsa a taro. Mun ga abin da ya buɗe idon mutane a Amurka shi ne waɗanda suka ƙone suka yi magana. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

DOMIN TATTAUNAWA A TARONKU NA GABA

Magatakarda ya karanta wannan a gaban membobi, a fassara wa waɗanda ba su ji Hausa sosai ba. A rubuta lissafin 6, 36, 216 a allo, a gwada shi da yawan manya a ƙauyenku. Sa'an nan a tattauna waɗannan: Waɗanne irin ciniki ne aka kawo mana cikin shekara biyu da suka wuce? Nawa ya fita daga ƙauyenmu, nawa ya dawo? Da an haɗa wannan kuɗi a asusun ƙungiya, buhun taki nawa ko tunkiya nawa zai saya? Ku ba malamin gona na yankinku amsoshinku sa'ad da ya zo zagaye, domin mu san inda ake bukatar ƙarin bayani kafin kaka mai zuwa.